Wai da gaske jikin mutum yana da nasa sinadarin irin na wiwi? Tambaya kan man CBD da farfaɗiya

Ummu_Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin magani a nan ku warware min, wlh kaina ya kulle. Ɗana yana da farfaɗiya tun yana ƙarami, yanzu shekararsa tara, yana shan Epilim safe da dare, alhamdulillahi ta ragu sosai amma ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, wani watan shiru wani watan ta tashi, musamman in zazzaɓi ya kama shi ko bai samu barci sosai ba. To shine ƙanwar maigidana ta turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani mutum da farar riga yana tallan man CBD, wani sinadari da ake cirowa daga tsiro irin na wiwi, wai Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani tsari, endokanabinoid yake ko me, wanda aikinsa kawai karɓar sinadarin wannan ganyen, wai duk ciwukan da ke damun mutane tun daga farfaɗiya har suga da hawan jini da kansa, wannan tsarin ne ke jin yunwa, da an ɗiga man a ƙarƙashin harshe shikenan. Kuma yace ba wiwi bane, hemp ne, baya sa maye.

Ni abin da nake so in sani, da gaske akwai wannan tsarin a jiki ko dai dabarar cin kasuwa ce? In akwai, ya yake aiki? Kuma meye bambancin hemp ɗin da wiwin da muka sani? Dangin mijina sun matsa wai in ajiye maganin asibiti in gwada, kuma kuɗin kwalbar ba kaɗan bane. Na gode, Allah ya saka.

Dan_Kemis

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Sadiq lafiya. Kafin komai, kar ki tsayar masa da Epilim, ko rage shi kar ki yi sai da likitansa, domin yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da irin wadda take jerowa ba ta saki, ita ce mai kisa. Wannan na fara da shi saboda ban san ko za ki karanta doguwar maganar da zan yi har ƙarshe ba.

Tsarin akwai shi, wannan mai farar rigar bai yi ƙarya ba a nan, a gaba ne ya karkace. Yadda aka gano shi ma ta baya aka biyo. A 1964 wani masani a Isra'ila, Raphael Mechoulam, shi da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka ware THC, wato sinadarin da ke sa maye a wiwi. To sai tambaya ta taso, a ina yake kamawa a ƙwaƙwalwa? An ɗau shekara ashirin da wani abu, sai a 1988 Allyn Howlett da William Devane a Amurka suka nuna akwai wani wurin kamu a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, risefta ake ce masa, shine CB1. A 1993 aka gano na biyu a Kambirij ta Ingila, CB2, shi yafi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki da saifa. Daga nan masana suka ce ai ba zai yiwu jiki ya yi risefta ya zauna jiran mutum ya kunna wiwi ba, dole akwai abin da jikin da kansa yake haɗawa. Suka nema suka samu, anandamayid a 1992, sai 2-AG a 1995, wannan na biyun har wasu masana na Japan sun gano shi a shekarar. To waɗannan biyun da riseftocin da kuma wasu enzayim guda biyu masu narkar da su bayan sun gama aiki, FAAH da MAGL, su ne tsarin gaba ɗaya.

Yadda yake aiki kuwa shine abin da ya fi burge ni a karatun. Ƙwayoyin jijiya suna aika saƙo ne gaba, wannan ta watsa sinadari waccan ta karɓa. Amma endokanabinoid baya yake komawa. In mai aikawa ta cika watso saƙo, mai karɓa sai ta haɗa 2-AG nan take daga kitsen da ke fatar jikinta, ta tura shi baya ya kama CB1 na mai aikawar, sai ta rage. Kamar dai a wurin biki lasifika ta yi ƙara, mutumin da ke zaune kusa ya aika yaro yace je ka gaya wa mai injin ya rage, a rage wannan lasifikar kaɗai, kuma da an rage yaron ya koma ya zauna. Ba a ajiye sinadarin a rumbu, sai buƙata ta taso ake haɗa shi, a daidai wurin da ake buƙata, cikin ɗan lokaci kuma enzayim ya share shi. A 2001 aka tabbatar da wannan komawa bayan. Shi yasa yake da hannu a cin abinci da jin zafi da barci da mantuwa da tsoro, har motsa jiki mai ƙarfi yana ɗaga anandamayid a jini, kuma akwai 2-AG a nonon uwa.

To shi THC da ya shiga, ba lasifika ɗaya yake taɓawa ba, duk na gidan bikin yake murɗawa lokaci guda, kuma waɗancan enzayim ɗin ba sa iya share shi, sai hanta ta yi ta fama da shi a hankali, ga shi yana maƙalewa a kitse, shi yasa gwajin fitsari ke kama mai sha kullum ko bayan makonni da dainawa. CB1 yana da yawa a sashen ajiye abin da aka tuna, shi yasa mai sha zai fara magana ya manta farkonta. Yana da yawa a sashen daidaita tafiya da motsi, yana nan a sashen da ke kula da yunwa, shi yasa suke cinye tukunya.

Inda mai tallan ya yaudare ku shine maganar cewa wai tsarin yana jin yunwar ganyen. Kifi yana da wannan tsarin, kaza tana da shi, akuyarki ma tana da shi, ya riga tsiron wiwi zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Jiki yana da risefta da kodin da tiramol suke kamawa, kuma yana haɗa nasa sinadarin mai rage zafi, endofin, akwai wanda zai ce miki jikin Sadiq yunwar kodin yake ji? Akwai wani hasashe da wasu likitoci suka kawo cewa ƙila ƙarancin endokanabinoid yana da hannu a ciwon ɓarin kai da wasu ciwukan, amma har yanzu hasashe ne, 'yan kasuwa ne suka ɗauke shi suka mayar da shi wa'azi.

Bari in je in yi sallah in dawo kan CBD ɗin kansa.

Alhaji_Na_Sabon_Titi

Ni dai 'yata shawarata ki rufa wa kanki asiri. Wiwi wiwi ce ko da wane suna aka sa mata, yau a ce hemp gobe a ce CBD, duk hanyar shigo mana da ita gida ce ta ƙofar baya. Duk mai shakka ya je asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ya ga samari majiya ƙarfi yadda suka koma. A unguwarmu akwai yaron da ya haddace izu talatin, yanzu shi kaɗai yake magana a bakin titi. Kuma hadisi ya riga ya yanke, abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malam mai kemis ina ganin girmanka amma wannan dogon bayanin naka kar yara su karanta su ce ashe ma jiki yana da nasa, to meye laifi. Sannan ki sani ko a doka NDLEA ba ruwansu da wani bambanci, in suka kama ki da kwalbar nan bayani za ki yi ta yi.

Yar_Minnesota

Alhaji Allah ya ƙara girma, kana da gaskiya ta wani ɓangaren amma bari in faɗi yadda abin yake a nan inda muke. Hemp da wiwi tsiro ɗaya ne, sunansa na kimiyya ɗaya, bambancin na doka ne. A 2018 Amurka ta yi dokar noma da tace in THC ɗin da ke cikin busasshen tsiron bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba to hemp ne, in ya wuce wiwi ne. Asali ma don igiya da tufafi da takarda da 'ya'yansa ake noma shi. Tunda aka yi dokar nan kuwa abin ya zama annoba, gidan mai za ki shiga ki ga CBD a alawa, a man shafawa, a shayi, har na karnuka akwai wlh.

Abin da zan ja kunnenki a kai Ummu Sadiq shine abin da ke rubuce a kwalba ba lallai shine a ciki ba. A 2017 wasu masu bincike a nan sun sayi kaya 84 na CBD ta intanet suka kai ɗakin gwaji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ciki, kuma guda 18 an samu THC a cikinsu. Wannan fa a Amurka kenan, to ina ga kwalbar da ta biyo ta hannun mai bidiyon WhatsApp, ba lambar NAFDAC ba komai.

Sannan akwai wata damfara da ake yi sosai, a sayar miki da man 'ya'yan hemp a ce CBD ne. Man 'ya'yan abinci ne kawai, yana da kitse mai kyau, ana zuba shi a salak, amma CBD a fure da ganye yake, 'ya'yan kusan babu komai a cikinsu. Ƙawata ta sayi irin wannan da tsada saboda ciwon gwiwa tana ta yabonsa, da muka juya bayan kwalbar muka karanta, man salak ne.

Dan_Kemis

Na dawo. Alhaji ranka ya daɗe, ai bayanin nawa goyon bayanka yake yi in ka duba. Tunda tsarin na daidaita ƙwaƙwalwa ne, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa sai ya haura ashirin, to zuba masa THC kullum ɓata ginin ne. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum an ga CB1 ɗinsu ya ragu, jiki ne ke janye su don ya kare kansa, shi yasa sai sun ƙara yawan abin da suke sha, in sun daina kuma barci ya gagara, abinci ya gagara, ga faɗa. Bayan kamar wata guda da dainawa riseftocin suna dawowa. Maganar taɓin hankali ma ba tatsuniya bace, wani babban bincike da aka buga a 2019 wanda ya haɗa birane da dama na Turai ya nuna masu shan mai ƙarfi kullum haɗarinsu ya ninka na wanda bai taɓa sha ba kusan sau biyar. Mu kuma a nan binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. Abin da ya fi tayar min da hankali ma shine kolos ɗin nan da yara ke sha yanzu, shi ba ganyen bane, sinadarin roba ne ake fesawa a kan ciyawa. THC rabi-rabi yake kunna CB1, waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗa shi, shi yasa za ka ga yaro ya sandare ko yana shure-shure. Kush ɗin Saliyo da ya sa shugabansu ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2024 an samu irin waɗannan a ciki, haɗe da wasu dangin tiramol masu mugun ƙarfi. Hukuncin shari'a na bar wa malamai, abin da zan iya faɗa a fannina shine tsantsar CBD baya sa maye ko an sha da yawa, barci da gudawa yake sawa, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba a 2018 yace ba a ga alamar yana kama mutum ba.

Yanzu Ummu Sadiq ga abin dariyar. CBD ɗin da ake cewa yana ciyar da tsarin endokanabinoid, da ƙyar ma yake kama CB1 da CB2. Abin da aka gani a ɗakin gwaji shine yana maƙalewa a gefen CB1 ya ɗan sauya masa siffa yadda THC ba zai kama sosai ba, sannan yana taɓa wasu wurare daban, wani risefta na sirotonin, da TRPV1 wanda shine barkono ke kunnawa a harshe, da wani GPR55. Masanan kansu suna ganin aikinsa a farfaɗiya ta waɗannan hanyoyin yake bi.

Kuma eh, yana aiki a wata irin farfaɗiya. A watan Yuni 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen CBD ne, don iri biyu masu tsanani da ke kama yara, Dravet da Lennox-Gastaut, a 2020 aka ƙara na uku. A gwajin Dravet da aka buga a 2017, yara da matasa 120, waɗanda suka sha maganin faɗuwarsu ta sauka daga kamar 12 a wata zuwa kamar 6, waɗanda aka ba na bogi kuwa daga kusan 15 zuwa 14. Kin ga ragi ne, ba warkewa ba, kuma ƙari aka yi musu a kan magungunansu, ba wanda aka ce ya ajiye nasa. Sai maganar awo, miligiram 20 aka ba su a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. In Sadiq kilo 30 ne, miligiram 600 kenan kullum. Ki duba kwalbar mai bidiyon, da yawansu duka kwalbar 500 ce ko 1000, wato ta kwana ɗaya ko biyu ce a wancan awon, shi kuma yana cewa ɗigo uku.

Babban abin da ya shafe ki kai tsaye, Epilim da CBD in sun haɗu suna ɗaga enzayim ɗin hanta, a gwaje-gwajen nan yawancin yaran da hantarsu ta nuna damuwa masu shan irin maganin Sadiq ne, shi yasa ake auna jini kafin a fara da kuma bayan an fara. CBD yana kuma danne enzayim ɗin hanta masu narkar da wasu magunguna, sai maganin ya taru a jini, haka yake yi da kulobazam, wani maganin farfaɗiyar, yaro ya yi ta barci, haka da wafarin na tsinka jini.

Wasa da tsarin nan ko kamfanonin magani sun sha wuya. Akwai maganin rage ƙiba, Acomplia, da aka yi don ya toshe CB1 tunda an ga wiwi na sa yunwa, Turai ta amince da shi a 2006, ƙiba ta ragu kuwa, amma mutane suka shiga baƙin ciki da tunanin kashe kai, a 2008 aka janye shi. A Janairun 2016 kuma a garin Rennes na Faransa an gwada wani mai toshe FAAH, mutum ɗaya ya mutu wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Su masu dakunan gwaji da biliyoyi kenan.

Zango_Boy_Kumasi

Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan Gana majalisa ta yi doka a 2020 da ta ba da damar noma mai kashi 0.3 don masana'antu da magani, kotun ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake gyarawa a 2023. Amma sai da lasisi, ba wai kowa ya shuka a bayan gida ba, yaranmu na zango da yawa sun ɗauka an halatta sha ne, suna ta shiga hannu. Najeriya kuwa dokar hana wiwi ta 1966 tana nan, Alhaji ya yi gaskiya a wannan.

Malam mai kemis tambaya ɗaya, na ji ance kanumfari ma yana taɓa wannan tsarin, gaskiya ne?

Dan_Kemis

Gaskiya ne ɗan uwa, akwai wani sinadarin ƙamshi, beta-kariyofilin, yana cikin kanumfari da baƙin barkono da wiwin kanta, a 2008 aka nuna yana kama CB2. Tunda baya taɓa CB1 ba maye. Amma yawancin abin da aka gani a ɓeraye ne, kar ka je ka cika shayi da kanumfari kace magani kake sha. Ko farasitamol ma wani abin da yake rikiɗewa ya zama a ƙwaƙwalwa yana da alaƙa da anandamayid, tsarin ya shiga ko'ina.

Ummu_Sadiq

Kai Allah ya saka muku da alheri, Alhaji na ji faɗanka Baba, Allah ya bar zumunci. Na tura wa maigidan bayanin gaba ɗaya ya karanta da kansa, don in ni na faɗa za a ce ƙin dangi ne. Na sa ƙanwar tasa ta ɗauko min hoton bayan kwalbar, an rubuta hemp seed oil, ba ko adadin miligiram a jiki, Yar_Minnesota kamar kin gani. Malam to ya zan yi in san ko irin ta Sadiq tana cikin waɗancan da ka lissafa? Likitan bai taɓa faɗa mana sunanta ba, farfaɗiya kawai ake cewa.

Dan_Kemis

Waɗancan ba su da yawa, kuma yawanci suna zuwa da faɗuwa mai yawan gaske da jinkirin magana da karatu, amma ba ni zan yanke ta waya ba. Ki nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa na yara a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, in Kano kuke akwai na Malam Aminu Kano, a yi masa gwajin EEG, wato na auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ta tashi, ƙarfe nawa, minti nawa ta ɗauka, ya yi zazzaɓi ko bai yi barci ba, in da hali wani ya ɗauki bidiyo da waya, likitoci suna amfana da shi sosai. Ki kuma tambaya a sake auna nauyinsa, don da kilo ake lissafa Epilim, yaro yana girma awon da aka sa masa yana shekara shida zai iya yi masa kaɗan yanzu. In ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kar a tura masa cokali ko yatsa a baki, in ta wuce minti biyar ba ta saki ba ku tafi asibiti.